Yadda ake karɓar kare mai tsoro daga gidan ceto har ya saki jiki

A kusan kowane gidan ceto dabbobi akwai karen da masu zuwa dubawa ke wucewa ba su ko lura da shi ba. Ba ya zuwa bakin keji, ba ya kaɗa wutsiya, yana can lungu ya takure ya ba mutane baya. Sau da yawa shi ne ke daɗewa bai sami mai ɗauka ba, alhali shi ne ya fi buƙatar fita, domin haushin sauran karnuka da kaiwa da komowar mutane kullum ƙara masa firgici suke yi. Wanda ya yi niyyar ɗaukar irin wannan kare ya yi niyyar alheri, amma niyya kaɗai ba ta isa. Abin da ke kwantar wa kare mai tsoro hankali shi ne ya gane cewa a gidanka ba a tilasta masa komai: shi zai zaɓi lokacin da zai matso, shi zai zaɓi lokacin da zai ja da baya. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka gina su.

Mutane da yawa da zarar sun ga kare yana noƙewa sai su ce dukansa aka riƙa yi. Hakan na faruwa, sai dai ba shi ne kaɗai sanadi ba. Ɗan kwikwiyo yana da wani ɗan lokaci, daga wajen mako 3 zuwa mako 14 da haihuwa, da yake koyon abin da ba abin tsoro ba ne a duniya. In lokacin ya wuce bai saba da mutane da mota da ƙarar kayan gida ba, yakan girma yana ɗari-ɗari da su ko da ba wanda ya taɓa ɗaga masa hannu. Akwai kuma gado daga iyaye, akwai ciwon jiki da ba a gano ba. Sanin wannan yana da amfani, domin wanda ya ɗauka zalunci ne kawai sanadi yakan yi ƙoƙarin rama wa karen da runguma da shafa, kuma su ne abubuwan da suka fi tayar masa da hankali a farko.

Mataki na farko: tambaya kafin ɗauka

Fara da duba gidanka. Akwai yara ƙanana da ba za su iya bin doka ba? Baƙi na yawan shiga da fita? Ana barin ƙofa a buɗe? Akwai wanda zai kasance a gida yawancin lokaci a makonni biyu na farko? In amsoshin ba su yi daidai ba, ka zaɓi kare mai sakin jiki. Babu abin kunya a ciki, kuma ya fi a ɗauke shi a mayar bayan wata ɗaya.

Sannan ka tambayi masu kula da shi dalla-dalla. Me yake tsoro: maza, yara, ƙara, igiya, ko wasu karnuka? In ya tsorata gudu yake yi, sandarewa, ko gurnani? Ya taɓa cizo, kuma a wane hali? Ya taɓa zama a cikin gida? Yana yarda a sa masa igiya? Wane abinci yake ci, nawa, da ƙarfe nawa? A ba ka takardar rigakafinsa, musamman na ciwon haukan kare da cututtukan karnuka masu yaɗuwa da ake kira farbo da distemfa, da ranar da aka ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma. In zai yiwu ka ziyarce shi sau biyu ko uku, ka zauna a gefe ba tare da ka nemi taɓa shi ba. In kana da wani kare a gida, mai natsuwa da son mutane, ka faɗa musu. Karnuka masu tsoro da dama sun fi saurin koyo daga ɗan'uwansu kare fiye da daga mutum.

Mataki na biyu: shirya gida da kaya

Babban haɗarin makonnin farko ba cizo ba ne, ɓata ne. Kare mai tsoro da ya kuɓuce bai san gidanka a matsayin gida ba, bai san muryarka ba, kuma kiransa ƙara masa gudu yake yi. Saboda haka a nan za ka fi sa ido.

Zagaya shingen gidan ka duba ramuka a ƙasa, katakon da ya saki, da duk wani abu da aka jingina da zai iya takawa ya haura. Tsayin mita 1.8 ya wadatar ga yawancin karnuka, amma wanda ya firgita yakan yi abin da ba a zata ba, don haka ko a cikin shinge kada ka sake shi ba igiya a makonnin farko. A ƙofar shiga ka yi tsari biyu: ƙaramin shinge irin wanda ake tare yara da shi a ciki, sannan babbar ƙofa. Doka ga kowa a gidan ita ce ba a buɗe ɗaya sai an rufe ɗaya.

Kayan da za ka tanada: abin wuya mai zarge wanda ake kira martingel, wanda ke matsewa kaɗan in kare ya ja da baya sannan ya tsaya bai shaƙe shi ba; ɗamarar ƙirji mai maɗauri uku, na ukun yana bayan haƙarƙari don kada ya zame ta baya; igiya biyu masu tsayin kamar mita 2; da doguwar igiya mai mita 5 zuwa 10. Abin wuya na yau da kullum kare mai tsoro yana iya tuɓe shi cikin daƙiƙa ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ja baya, shi ke nan. A ɗaura ɗamarar yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninta da jiki, ba fiye ba. Ka guji igiya mai naɗe kanta: in ta suɓuce daga hannunka, mariƙinta na roba zai riƙa bin karen yana ƙara a ƙasa, shi kuma ya yi ta gudu don ya tsere masa. A rataya masa ƙaramin ƙarfe mai lambar wayarka tun kafin ya bar gidan ceton. In an sa masa ƙwayar shaida ta lantarki a ƙarƙashin fata, a mayar da rajistarta zuwa sunanka a ranar, kada a bari sai an kwana biyu. In akwai hali a ƙara da na'urar GPS mai nuna inda yake a wuya.

Sai maɓoya. Zaɓi ɗaki ko lungu da ba hanyar wucewa ba ne, amma yana iya jin motsin gida daga nesa. Sa keji wanda zai iya tsayawa, ya juya, ya miƙe a ciki, ka lulluɓe samansa da gefe biyu da bargo, ka bar ƙofarsa a buɗe ko ka cire ta gaba ɗaya. Ruwa da abinci su kasance taki ɗaya ko biyu daga bakin kejin. Wannan wurin nasa ne. Ba a zura hannu a ciki, ba a jawo shi daga ciki, ba a leƙa shi kowane minti goma. Kwashe wayoyin lantarki da magunguna daga ƙasa, kuma kowa ya sani cewa cakulan, inabi da zabibi, albasa, tafarnuwa da cingam mai sinadarin zailitol guba ne ga kare.

Mataki na uku: ranar ɗauko shi

Ka roƙi wanda karen ya saba da shi ya sa masa ɗamara da abin wuya, igiya ɗaya a kowanne. Karɓi bargon da yake kwana a kai ba tare da an wanke ba, da abincin da zai kai mako biyu. Kada a ba shi abinci awa uku ko huɗu kafin tafiya saboda amai. A mota keji ya fi, kuma ba a tsayawa a hanya don ya sha iska. In kun isa, in kejin na ɗaukuwa a shiga da shi ciki a rufe ƙofofi kafin a buɗe. In ba ya ɗaukuwa, igiya tana hannunka kafin ƙofar mota ta buɗe. Kai shi wurin da kake so ya riƙa fitsari, ka tsaya shiru minti biyar zuwa goma, ko ya yi ko bai yi ba ka kai shi maɓoyarsa, ka tafi harkarka. Ba wanka, ba baƙi, ba zagaya gida.

Mataki na huɗu: kwanakin farko

Aikinka a nan shi ne ka zama mutumin da ba ya ba da mamaki. Abinci sau biyu a rana a lokaci guda, fita fitsari kowane awa uku zuwa huɗu da kuma bayan barci da bayan ci, ta ƙofa ɗaya, zuwa wuri ɗaya. Bar masa siririyar igiya mara madauki tana jan ƙasa muddin kana kusa, yadda za ka ɗauki bakinta ba sai ka kai hannu wuyansa ba. In za ka fita ko za ka kwanta ka cire, kada ta sarƙe.

Kada ka damu in ya ƙi ci sai dare ya yi tsaka, ko ya riƙe fitsari tsawon yini, ko ya yi ta barci. Babban kare yakan yi barcin awa 12 zuwa 14 a rana, wanda ya fito daga hayaniya kuwa ya fi haka. Amma ka lura da ruwa: kare na shan wajen mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. In ya yi awa 24 bai sha ba, ko awa 48 bai ci ba, ko yana yunƙurin fitsari ba ya fita, ko akwai amai da gudawa mai jini, kira likitan dabbobi nan take. Sauya abinci ka jinkirta shi zuwa bayan mako biyu, sannan ka yi shi cikin kwana 7: kwana biyu kashi uku tsoho kashi ɗaya sabo, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu kashi uku sabo, rana ta bakwai sabo zalla.

Za ka ji ana cewa kwana 3 na hucewa, mako 3 na koyon tsarin gida, wata 3 na sabo. Ƙiyasi ne kawai. Kare mai tsoro sosai yana iya ɗaukar wata shida ko shekara, kuma hakan ba ya nufin kana kuskure.

Koyi karanta jikinsa tun yanzu, domin kafin kare ya yi gurnani ya riga ya yi magana sau da yawa ba a ji ba. Lashe hanci ba tare da abinci ba, hamma ba tare da barci ba, kawar da kai, kwantar da kunnuwa baya, cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, haki ba zafi, ɗaga ƙafar gaba ɗaya, kallon gefe har farin ido ya fito: duk suna cewa a ba ni wuri. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne kwanciya rigingine. In jikinsa a sandare yake, bakinsa a rufe, wutsiya a manne da ciki, ba shafar ciki yake nema ba, roƙo yake a ƙyale shi. Karen da ya tsaya cak kamar an dasa shi kuwa bai yarda ba, tsoro ne ya kai maƙura. Janye hannunka.

Mataki na biyar: yadda zai fara zuwa da kansa

Shiga ɗakin ka zauna a ƙasa mita biyu ko uku daga gare shi, ka ba shi gefenka, kada ka zuba masa ido. Yi karatu ko duba waya na minti goma, sau biyu ko uku a rana. Tsayuwa a kansa, tunkararsa gaba da gaba, da miƙa hannu saman kansa duk barazana ce a wurin kare.

In ya fara cin abinci kana ɗakin, sai ka kawo 'yan gutsattsarin dafaffen naman kaza mara ƙashi mara gishiri, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. A nan mutane suka fi kuskure: sai su riƙe naman a hannu su jawo karen. Kwaɗayi ya kawo shi kusa fiye da yadda zuciyarsa ta yarda, ya haɗiye naman, ya ɗaga kai ya gan shi dab da mutum, sai ya firgita, wani lokaci har da kai cizo. Abin da ya dace shi ne akasin haka. In ya dube ka ko ya matso taki ɗaya, jefa naman bayansa, yadda zai juya ya nisance ka kafin ya ci. Ya sami abu biyu ke nan, nama da sarari. Zai dawo da kansa, kuma kowace dawowa yakan ƙara matsowa kaɗan. Yi jifa goma zuwa goma sha biyar ka tashi tun bai gaji ba. Irin wannan lada kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini. In kuna yawan yi, rage daga kwanonsa.

Ranar da ya zo ya shinshina ka, kada ka motsa. Shinshina bincike ne, ba izinin taɓawa ba. Sai ya fara jingina da kai ko tura hancinsa ƙarƙashin hannunka sannan ka shafa ƙirji ko gefen kafaɗa na daƙiƙa uku, ka ɗauke hannu, ka jira. In ya matso, ƙara uku. In ya kawar da kai ko ya tafi, an gama na yau. Karen da ya tabbatar cewa in ya ce a'a za a ji shi, shi ne ke saurin cewa e.

Mataki na shida: waje, baƙi da sauran 'yan gida

Kada ka yi gaggawar yawo. Mako ɗaya ko biyu a cikin shinge da doguwar igiya ya isa. In za a fara fita, a zaɓi lokacin da hanya ba kowa, minti biyar zuwa goma, hanya ɗaya kullum, igiya biyu, ɗaya a hannu ɗaya a ɗaure a ƙugunka. Bar shi ya shinshina iya son ransa, hakan na kwantar masa da hankali.

Ga abin da yake tsoro, ko babur ne ko baƙon namiji, nemo nisan da zai iya ganinsa amma har yanzu yana karɓar nama yana jin ka. Wataƙila mita 30 ne. Daga nan ake aiki: abin ya bayyana, nama ya biyo baya, abin ya wuce, nama ya tsaya. Jerin yana da muhimmanci. In nama ya riga abin tsoro fitowa, karen zai koyi cewa nama alamar masifa ce. Rage nisan da mita ɗaya ko biyu sai bayan ya yi kwanaki yana ganin abin yana waiwayo ka da fatan lada. In ya ƙi karɓar naman da yake so, kun yi kusa da yawa, koma baya. Sannu ba ta hana zuwa. Kai shi tsakiyar cunkoso don wai ya saba ba ya cire tsoro; ko dai ya ƙaru, ko karen ya yi shiru don ya fid da tsammani, mai shi kuma ya zaci nasara ce. Ka sani kuma tsoro taruwa yake yi. Karen da ya ji tsawa da daddare, ya ga baƙo da safe, yana iya kai hari ga abin da jiya bai kula shi ba. Bayan rana mai wuya ba shi kwana ɗaya ko biyu na hutu.

Baƙi su jira zuwa mako na uku, su zo ɗaya bayan ɗaya, su zauna, kada su kalle shi, kada su kira shi. Yara ba sa rungumarsa, ba sa zuwa wurinsa yana ci ko yana barci, kuma ba a barin su da shi ba babba ko na minti ɗaya. Karen gida kuwa a haɗa su a waje, mutum biyu kowa da nasa, a yi tafiya gefe da gefe da tazarar mita biyar ana ragewa a hankali. A ciki kowa ya ci a ɗakinsa, a kwashe ƙashi da kayan wasa har sai sun saba. Kyanwa ta sami wuri mai tsayi da ɗakin da kare ba ya shiga.

Tun cikin kwanakin farko ka riƙa barinsa shi kaɗai na minti biyu, biyar, goma. Kare mai tsoro in ya yarda da mutum ɗaya yakan manne masa, har rabuwar awa ɗaya ta zama tashin hankali. Sauran mutanen gida su ma su riƙa ba da abinci bi da bi.

Abubuwan da kan lalace

Gurnani: kada ka tsawata, kada ka duka. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hukunta a kan gargaɗi yana iya daina gargaɗin ya riƙa cizo kai tsaye. Tsaya, ja da baya, sannan ka tambayi kanka me ya faru daƙiƙa biyar kafin nan. Abin wuya mai ƙaya ko mai jan lantarki ba shi da wuri a wannan aiki.

Fitsari a ɗaki: ƙara yawan fita, ka ba da lada a waje da zarar ya gama. Goge wurin da sinadarin wanke fitsarin dabbobi, ba mai amoniya ba, domin warin amoniya na kama da na fitsari, zai jawo shi ya maimaita. In yana ɗigar da fitsari lokacin da ka tunkare shi, tsoro ne, gyara yadda kake matsowa.

In ya kuɓuce: kada ka bi shi, kada ka ƙwala masa kira, kada ka tara jama'a su zagaye shi. In kana ganinsa zauna a ƙasa, ba shi gefe, ka riƙa zubar da nama kusa da kai. In ya ɓace, ajiye bargonsa da rigar da ka sa da ruwa da abinci a inda aka gan shi ƙarshe, ka sanar da gidan ceton nan da nan, ka yaɗa hotonsa da gargaɗin cewa a kira waya kawai, kada a yi yunƙurin kamawa. Kowace kora tana ƙara nisanta shi, tana kuma tura shi titi.

Komawa baya: bayan mako uku ko huɗu wasu kan fara haushi ga baƙi ko tsare kwanon abinci. Sau da yawa alama ce cewa sandarewar farko ta sake shi, ya fara nuna abin da ke ransa. Koma matakin da ya gabata ka sake hawa.

Likita da magani

A kai shi likitan dabbobi cikin mako biyu na farko, ko tun kafin nan in akwai alamar rashin lafiya. Faɗa musu tun a waya cewa mai tsoro ne, ka nemi lokacin da ba cunkoso, ku jira a mota maimakon ɗakin jira. A duba haƙora, kunnuwa, gaɓoɓi da fata, domin karen da kunnensa ke ciwo dole ya guji hannu, kuma babu horon da zai gyara wannan. Yana da kyau ka koya masa takunkumi mai kama da kwando, wanda zai iya haki da shan ruwa a ciki: sa nama a ƙasansa ya riƙa tura baki da kansa na kwanaki kafin ka taɓa ɗaure maɗaurin.

In an yi wata ɗaya ko biyu bai fita daga maɓoya ba, ko yana karkarwa yawancin yini, ko ya ciji wani har fata ta fashe, a nemi ƙwararre kan halayyar karnuka mai aiki da lada ba duka ba, a kuma yi maganar magani da likita. Akwai na kullum irin su fuluksetin, wanda kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, akwai na lokaci guda irin su tirazodon da ake bayarwa kafin zuwa asibiti ko doguwar tafiya. Maganin ba ya maye gurbin horo, yana sauke tsoron ne zuwa inda karen zai iya koyo. Likita kaɗai ke yanke irinsa da adadinsa, ba a kuma tsayar da na kullum farat ɗaya. Kada ka taɓa ba shi maganin mutane da kanka. Farasitamol da ibufurofen na iya lalata masa hanta ko ƙoda.

Ajiye ɗan littafi ka riƙa rubuta layi biyu kowace rana: abin da ya ci, inda ya kwanta, abin da ya tsorata shi da nisan da ke tsakani, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya huce. Wannan na ƙarshen shi ne ma'auni mafi inganci. In ƙarar faɗuwar kwano tana ɓoye shi awa biyu a makon farko, yanzu kuma minti biyar ya fito, aikin yana ci. Da wannan littafin za ka je wurin likita ko mai horo, domin da shi za su san matakin da za a ƙara da wanda za a sassauta.